Kafin Ku Zuba Yashi A Kan Hanya

'Yan'uwa manoma, rani shi ne lokacin gini. Bayan kaka ƙungiyoyin gama kai sukan gina sito ko su haƙa rijiya. Amma a ƙasar Bichi da Dambatta da Dawakin Tofa gona tana manne da gona, fili ya yi wuya. Sai a jibge yashi da tubali a kan hanya ko a burtali. Jakuna masu kai taki gona su rasa mashiga. In aikin ya kai damina, shanu su ratse cikin shukar maƙwabci, rigima ta tashi.

Hanya ta kowa ce, kuma tana da mai kula da ita. Tsarin mulkin 1999, kamar na 1979, ya ɗora wa ƙaramar hukuma kula da hanyoyin gari da magudanan ruwa. Titin Kano zuwa Katsina da na Kano zuwa Daura kuwa na Gwamnatin Tarayya ne, izinin ƙaramar hukuma bai kai can ba.

Ga yadda za ku yi. Ku fara gaida mai unguwa da dagaci, ku nuna musu wurin. Sakatarenku ya rubuta wa sashen ayyuka na ƙaramar hukuma takarda, ya faɗi wurin da yawan kwanakin. Ku karɓi amsa a rubuce, ku adana. Ku bar wa mutane da dabbobi mashiga. Kada ku ɗebi ƙasa a gefen hanya, don ruwan sama zai cinye ta. In kun gama, ku kwashe ragowar kaya kafin ruwan shuka.