Yadda Ake Kawar da Tankin Mai da Tarakta Ba Tare da Haɗari Ba

A garuruwa da yawa akan ajiye babban tankin ƙarfe domin man injin ban-ruwa, ko na niƙa, ko na tarakta. Wata rana sai bukata ta kama a kawar da shi zuwa wani wuri, ba kuwa abin da ke kusa sai taraktar noma. Tun da ya ke hakimi akan fara sanar wa, magatakarda kuma shi ke rubuta umarni, ya wajaba su san inda haɗarin wannan aiki ya ke.

1. Nauyi

Lita ɗaya ta man dizal ta kai kimanin giram 840. Saboda haka tanki mai cin lita 5,000, watau duro 25, man cikinsa kaɗai ya haura tan 4, ban da nauyin ƙarfe. Kunnuwan da ke bisa tanki kuwa an yi su ne domin ɗaga shi babu kome a ciki. Tankin da mai ya tsaya rabi ya fi cikakke wuyar sha'ani a hanya, gama man yana kai da kawowa. In an taka birki sai ya rugo gaba, in an sha kwana ya koma gefe guda ya kā da tirela. Don haka lalle a fara juye man duka cikin durori, a kwance bututu, a toshe kowace kafa.

2. Tururi

Tankin da aka juye bai rabu da haɗari ba, balle na fetur. Tururin da ya rage a ciki ya fi iska nauyi, yana kwanciya ƙasa, tartsatsi guda ya isa ya fasa tankin. Kada a sha taba, kada a kawo fitila ko garwashi, kada mai walda ya taɓa shi. Kada kuma a ja shi a ƙasa, domin ƙarfe in ya goga dutse yakan ba da wuta.

3. Lodi da ɗauri

A ɗaga shi da sarƙa mai lafiya, ba da igiya ba, kada kowa ya tsaya ƙarƙashinsa. A kwantar da shi bisa tirelar da za ta iya nauyinsa, a sa masa waigi na katako dama da hagu, sa'an nan a ɗaure gaba da baya. Ba a maƙala tirela sai a ƙarfen ja da ke ƙasa da gatarin ƙafafun baya. In an ɗaura sarƙa sama da nan, gaban tarakta yakan tashi, ta kife ta baya bisa direba kafin ƙiftawar ido.

4. Hanya

Tun jajibere a aika a dubo hanya: kwalbati, da ƙasa mai laushi, da gangara, da wayar lantarki da ta yi ƙasa. Rani ya fi damina, safiya ta fi tsakar rana. Direba ya haɗa birkinsa biyu wuri guda, ya sauka gangara da ƙaramar giya, kada ya saki giya ko kaɗan. Ba mai hawa tirela, dogari kuma ya kori yara.

In mai ya zube, a tare shi da yashi, kada a kora shi da ruwa, don kada ya malala rijiya ko rafi.

Ana roƙon hakimai kada su yarda a fara aikin sai malamin gona ko makaniki ya duba tanki da tarakta. Magatakarda ya rubuta rana, da yawan man da aka juye, da sunan direba, da wanda ya duba.