Wayar Hannu da Rufin Asiri



Bahaushe in zai yi wa mutum addu'a mai nauyi sai ya ce Allah ya rufa asiri. To, abin da zan ɗan taɓo yau shi ne yadda 'yar na'urar nan da ke aljihunmu take tona asirin mai ita, da abin da ya kamata mutum ya duba kafin ya kai kuɗinsa kanti.

Kowace waya tana da babbar manhaja, watau wadda take jan ragamar sauran manhajojin da ke ciki. Kusan dukan wayoyin zamani ɗayan biyu ne: ko Android ta kamfanin Google, wadda ta fito a 2008, ko iOS ta kamfanin Apple. Tushen Android a buɗe yake, kowa na iya ɗauka ya gyara. Amma abin da ake sayar mana ba tushen ne zalla ba. An ɗora masa manhajojin Google, waɗanda ke iya tattara labarin inda ka je da abin da ka nema, shi kuwa Google galibin kuɗinsa daga talla yake samu. Kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zub da ruwa. Tun 1a Edward Snowden ya fallasa a 2013 irin leƙen da hukumar tsaron Amurka take yi wa sadarwar jama'a, hankalin mutane da yawa ya koma ga neman mafita.

Saboda tushen a buɗe yake, masana sun gina nasu. Akwai LineageOS, wadda ta soma a 2016. Tana hawa wayoyi iri-iri, tana kuma raya tsohuwar waya da kamfaninta ya yi watsi da ita. Sai dai kafin a sa ta dole a buɗe kullen da ke tsare farkon tashin wayar, galibi kuma haka ake barinsa a buɗe. Ka ga an kori mai leƙe ta taga, an bar ƙofa ba sakata. Akwai kuma /e/OS, wadda wani Bafaranshe, Gaël Duval, ya kafa bisa LineageOS, ana ma sayar da wayoyi da ita a ciki da sunan Murena.

Wadda na fi natsuwa da ita, a nawa ganin, ita ce GrapheneOS, wadda ta sami wannan suna a 2019. A cikinta kana iya hana kowace manhaja taɓa intanet ɗungurungum. In kuma ka bukaci manhajojin Google, za su zauna ne kamar baƙi, ba kamar masu gida ba. Abin dariyar shi ne, har zuwa 2025 wayoyin Pixel kaɗai take hawa, watau na Google ɗin da ake gudu! Dalili kuwa, Pixel tana yarda a mai da kullen bayan an canja manhaja, tana da keɓaɓɓen ɓangaren tsaro, sa'an nan tun daga Pixel 8 ta 2023 an yi alkawarin shekara 7 ana aiko mata da gyare-gyaren tsaro. Ke nan manhaja ake fara zaɓa, sa'an nan a nemi wayar da za ta ɗauke ta. Tecno, Infinix da Itel da suka cika kasuwanninmu ba sa ɗaukar GrapheneOS.

Amma fa kada a ɗauka tsugune ta ƙare. Wasu manhajojin banki sukan ƙi aiki a wayar da aka canja wa manhaja, don haka ma'aikacin da albashinsa ke shiga ta nan ya bincika tukuna. Daɗin daɗawa, muddin akwai layi a wayar, kamfanin sadarwa ya san turken da take kusa da shi, kuma a Nijeriya tun Disamba 2020 aka ba da umarnin haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa. Wannan babu manhajar da za ta kawar da shi. Haka nan wanda ya sa GrapheneOS, ya kuma zuba hotunan takardun ofis a Facebook, to, da hannunsa ya miƙa su.