Asperji: Tsiron da Ake Jira Shekara Uku

Yau za mu yi bayani a kan wani kayan garka da ba mu saba gani a kasuwanninmu ba. Faransawa suna kiran shi asperji. Ba ganyensa ake ci ba, ba ƴaƴansa ba. Sabon tohon da yake fitowa daga ƙasa, mai kaurin yatsa, shi ake yankewa tun yana da taushi. Jajayen ƴaƴansa kuwa ba a cin su, domin suna ɓata ciki.

Asalinsa

Asperji tsiro ne na Turai da ƙasashen bakin tekun Bahar Rum. Rumawa sun noma shi fiye da shekara 2000 da suka wuce. Sarkin Faransa Luwi na 14, wanda ya rasu a 1715, yana son shi ƙwarai, har masu garkarsa suka nemi dabarar samar da shi cikin sanyi. A yau ƙasar Sin ta fi kowa noma shi. Feru da Meksiko kuma suna cikin manyan masu sayar da shi waje.

Irinsa

Akwai kore, da fari, da mai launin shuni. Kore da fari tsiro ɗaya ne. Idan toho ya ga rana, sai ya yi kore. Idan manomi ya tara masa ƙasa ya rufe shi, sai ya tsaya fari. Jamusawa sun fi son fari, kuma bisa al'adarsu suna daina yankan shi ranar 24 ga Yuni, domin saiwa ta huta ta tara ƙarfi. Mai launin shuni ya fito daga Italiya.

Nomansa

Yana son ƙasa mai rairayi da taki mai yawa. Sai dai wanda ya shuka ba zai yi yanka sosai ba sai a shekara ta 3. Idan ya yi gaggawa, saiwar ta raunana. Idan ya yi haƙuri, gonar za ta ba shi amfani shekara 10 zuwa 15.

Akwai darasi a nan. A kwarin Ika na ƙasar Feru, inda ruwan sama bai cika sauka ba, manyan gonaki sun bunƙasa noman asperji daga shekarun 1990, da ruwan rijiyoyi masu zurfi. An samu kuɗi da aikin yi. Amma ruwan ƙasa ya yi ta nitsewa, har rijiyoyin wasu ƙananan manoma suka ƙafe. Mu da muke noman rani, kafin mu ɗauki sabon iri, mu fara tambaya: ruwa nawa zai sha?

Dahuwarsa

A wanke shi, a karye gindin mai tauri a yar. A saka koren cikin tafasasshen ruwa da ɗan gishiri, minti 3 zuwa 5, a tsame. Fari kuwa sai an fere bayansa, kuma yana kai minti 15. Ana cin shi da man shanu ko dafaffen ƙwai. Bayan an ci, fitsari yakan canza wari. Wannan ba ciwo ba ne.

Amfaninsa ga jiki

Yana ɗauke da wani bitamin mai suna folat, wanda yake taimakawa wajen gina jini. Mace mai ciki tana buƙatar shi tun watan farko, domin ƙwaƙwalwa da ƙashin bayan jariri su ginu daidai. Ba sai mun nemi asperji daga nesa ba. Wannan bitamin yana cikin wake da gujiya da ɗanyen ganye kamar alayyahu. Sai dai doguwar dahuwa tana rage shi. Saboda haka, uwayen gida, a saka ganye daga ƙarshe, kada a bar shi ya daɗe bisa wuta. Mai ciki kuma ta je awo da wuri, ta sha ƙwayoyin ƙarin jini da ake ba ta.

Allah ya ba mu lafiya da damana mai albarka.