Jiki magayi: abin da fata da gashi ke faɗa wa likita

Ya ku ƴan'uwa masu karatu na Deule da sauran garuruwan Buza, Madawa da Kaita, ga wani abu da ke ba iyaye mamaki. Uwa takan kai ɗanta gidan likita saboda zawo, sai ta ga malamin jinya ya tuɓe wa yaron riga. Ya dubi kansa, ya buɗa yatsunsa, ya danna ƙafarsa. Ba ɓata lokaci yake yi ba. Fata da gashi sukan nuna cutar da ke ɓoye tun ba ta yi ƙarfi ba. Mu ma muna iya koyon wannan dubawa a gida.

Gashi da kumburi

Daga watan Yuni zuwa Satumba rumbu yakan yi ƙasa, a nan ne tamowa ta fi kama yara. Gashin yaro mai tamowa yakan yi ja, ya yi laushi, ya riƙa tsigewa ba wuya. Fatarsa takan bushe, wani lokaci ta riƙa saɓulewa. Malamin jinya yakan danna bayan ƙafafun yaro biyu da babban yatsa, ya ƙirga uku. In ya ɗaga yatsa rami ya tsaya, wannan kumburi ne, ba ƙiba ba. Sa'an nan yakan auna damtse da igiya mai launi uku. Ga yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5, ja yana nufin damtse bai kai santimita 11 da rabi ba. Irin wannan yaro ba ya jiran ranar kasuwa. A shekarar 2006 ne gwamnatin Nijar ta kafa dokar duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta.

Tabon da ba ya ji

Akwai tabon da ya fi sauran jiki haske, ba ya ƙaiƙayi, ba ya ciwo. Shi ya sa mutane ke raina shi. Malamin jinya yakan sa mutum ya rufe ido, ya taɓa wurin da auduga. In bai ji ba, ana zaton kuturta. Kuturta ba gado ba ce, ba kuma sammu ba ce. Ƙwayar cuta ke kawo ta. Tun 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da maganinta kyauta. Ana shan shi wata 6 ko wata 12, mutum ya warke sarai. Asibitin Danja, kusa da Maraɗi, yana wannan aiki tun shekarun 1950. Wanda ya zo da wuri yakan tsira da yatsunsa, ya ci gaba da riƙe hauyarsa.

Ƙazwa da makero

Ƙazwa takan ɓuya tsakanin yatsu, da wuyan hannu, da ƙugu. Ƙaiƙayinta ya fi tsanani da dare. In ta kama mutum ɗaya, gida duka ake shafa wa magani rana ɗaya, a wanke tufafi da ruwan zafi, a shanya shimfiɗa a rana. Makero kuwa yakan ci gashin yaro, ya bar da'ira mai fari-fari a kai. Man shafawa kaɗai ba ya kashe shi, sai an haɗa da ƙwayoyi na makonni da dama. A roƙi wanzami ya sauya reza ga kowane yaro. Kada a yi aron mataji ko hula.

Kafin a tafi gidan likita

Kada a shafa toka, ko bula, ko baƙin man mota a kan ƙurji, domin suna ɓoye launinsa, suna ƙara masa miki. A tuna ranar da abin ya fara. A faɗi ko wani a gida yana da irinsa. A faɗi maganin da aka riga aka sha, ko da na gargajiya ne.

Kowace Juma'a, bayan wanka, uwa ta zaunar da yaranta cikin hasken rana, ta dube su daga kai har ƙafa. Maigida kuma, kafin ya sayar da wake da gujiya, ya ware rabon kunun yara. Wanda ya karanta wannan shafi ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka.