Shaidar Ginin da Ke Tattalin Wuta da Ruwa: Me Za Ta Amfana wa Mai Shago a Illela?

Duk wanda ya taɓa kai wayarsa caji a shagon kwano a Illela da tsakar rana cikin watan Afrilu ya san yadda abin yake. A waje zafi ya haura digiri 40, a cikin shagon kuma ya fi haka, domin rufin ya sha rana tun hantsi yana ta sako zafi kan mutane da kaya. Wayoyi na jere a kan katako, kowace ta ɗau zafi, wasu ma sun rage saurin caji da kansu. Kamfanin Apple ya bayyana cewa an ƙera iPhone ne don ta yi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35, kuma zafin da ya wuce haka na iya rage ƙarfin batir ta yadda ba zai dawo ba. Sauran wayoyi ma batirin litiyam suke amfani da shi, kuma zafi ne babban abokin gabarsa.

Idan batir ya kumbura ko infata ta ƙone, akan ɗora laifin kan caja, ko wutar lantarki, ko janareta. Ba kasafai ake tuhumar ginin kansa ba, alhali shi ne ke yanke yawan zafin da zai shigo da yawan wutar da za a kashe wajen korarsa. Wannan shi ne abin da takardar shaidar gini mai kyautata muhalli take aunawa.

Mece ce wannan shaida?

Takarda ce da wata hukuma mai zaman kanta ke bai wa gini bayan ta bincika ta tabbatar cewa yana cin wuta da ruwa ƙasa da irinsa na yau da kullum, kuma kayan da aka gina shi da su ba su jawo ɓarna mai yawa ga muhalli ba. Ta yi kama da takardar bayanan da ke jikin kwalin waya. Mai saye ba ya dogara da bakin mai talla kaɗai, yana duba ƙarfin batir da girman ma'ajiya a rubuce. Haka ita ma wannan shaida take nuna wa mai haya, ko banki, ko mai sayen gida abin da ginin zai riƙa ci masa duk wata.

Akwai tsare-tsare da dama a duniya, amma uku sun fi shahara. Na farko shi ne BREEAM, wanda aka fara a Ingila a 1990. Na biyu LEED, na Amurka, wanda ya fito a 1998. Shi maki yake bayarwa: ginin da ya sami 40 zuwa 49 ya sami shaidar farko, 50 zuwa 59 matakin azurfa, 60 zuwa 79 matakin zinariya, daga 80 zuwa sama kuma matakin ƙoli. A Najeriya, ginin ofisoshi na Heritage Place da ke Ikoyi a Legas, wanda aka kammala a 2016, shi aka sani da zama ginin kasuwanci na farko da ya sami shaidar LEED.

Na uku shi ne EDGE, wanda hukumar IFC, reshen Bankin Duniya mai hulɗa da 'yan kasuwa, ta ƙaddamar a 2014 musamman don ƙasashe masu tasowa. Shi ne ya fi kusa da aljihun mai gini a arewa.

Manhajar da ke lissafin gini kafin a aza tubali

Ƙa'idar EDGE gajeriya ce: gini ya rage aƙalla kashi 20 cikin 100 na wutar da yake ci, da kashi 20 na ruwa, da kashi 20 na hayaƙin da aka fitar wajen sarrafa kayan gininsa, idan aka kwatanta shi da ginin da aka saba yi a wannan yanki. Idan ragin wuta ya kai kashi 40, ginin ya hau mataki na gaba. Mataki na ƙarshe na ginin da ya koma kan makamashi mai tsafta ne, ko ya biya diyyar ɗan hayaƙin da ya rage masa.

Abin da zai ja hankalin masu wayoyi shi ne manhajar EDGE kyauta ce, ana buɗe ta a intanet. Mutum zai zaɓi ƙasa da birnin da ya fi kusa da yanayin garinsu, ya faɗi irin ginin, ko gida ne ko shago ko otal ko asibiti ko makaranta ko sito, sannan ya shigar da faɗinsa da yawan hawa. Daga nan sai ya fara gwaji. Idan ya sa silin mai tare zafi, manhajar za ta nuna masa kashi nawa ya rage. Idan ya sauya bulon siminti da tubalin ƙasa, lissafin ya sake canzawa. Tana kuma ƙiyasta ƙarin kuɗin da gyaran zai ci da shekarun da zai ɗauka kafin ya mayar da kuɗinsa.

Ita takardar shaidar ce ake biya. Ana duba zanen gini a ba da shaidar wucin gadi, bayan an kammala kuma mai bincike ya zo da kansa ya ga ko abin da aka rubuta shi aka gina, sannan a ba da cikakkiya.

Najeriya ma tana da nata ma'aunin. A 2017 Ma'aikatar Lantarki, Ayyuka da Gidaje ta Tarayya, da tallafin hukumar GIZ ta Jamus, ta fitar da kundin ƙa'idojin tattalin makamashi a gine-gine. Daga cikin abin da ya tanada akwai taƙaita girman tagogin gilashi ko yi musu inuwa, da sa abin tare zafi a rufi, da amfani da na'urar sanyaya ɗaki mai infata.

Me ya sa zancen ya shafi Illela?

Galibin gine-ginen da suka karɓi irin wannan shaida a Najeriya suna Legas da Abuja. Amma garin da ke fama da zafi da tsadar makamashi shi ya fi kowa buƙatar lissafin. Illela na fuskantar Birnin Ƙwanni ta Jamhuriyar Nijar, kuma rayuwarta ta dogara ne kan kasuwa da zirga-zirgar kan iyaka. 'Yan kasuwar garin sun ɗanɗana rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, sannan daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024. A irin waɗannan lokuta ciniki na faɗuwa, amma kuɗin mai da na haya ba sa jira. Ga kuma cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, wanda ya ɗaga farashin lita daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki. Shagon da ke buƙatar janareta tun safe har dare shi ya fara jin jiki.

Sannan a watan Oktoban 2024 aka ƙaddamar da aikin babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry, wadda ta faro daga Illela. Duk inda hanya irin wannan ta ratsa, sito-sito da masaukin baƙi da jerin shaguna kan biyo baya. Ginin da aka yi yau zai daɗe shekaru masu yawa, kuma kuskuren da aka yi a zanensa mai shi zai riƙa biyansa duk wata.

Inda ribar take

A ɗauki misalin shago mai kwan fitila goma da ke ci awa shida kullum. Idan tsofaffin kwayaye ne masu wat 60, suna shan yunit 3.6 a rana. Idan aka sauya su da na LED masu wat 9, waɗanda haskensu ya yi kusan daidai, sai a koma yunit 0.54. Bambancin ya kai kusan yunit 92 a wata. Idan aka auna da naira 225 kan kowane yunit, farashin da aka sanya wa 'yan rukunin Band A a Afrilun 2024, an tsira da fiye da naira 20,000 a wata. Wutar janareta kuwa yawanci ta fi haka tsada.

Rufi ya fi fitila muhimmanci. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta nuna cewa rufi mai duhu na iya kai digiri 65 a tsakar rana, yayin da mai haske da ke mayar da rana zai iya zama ƙasa da haka da kusan digiri 28. Farin fenti a kan kwano, da silin, da 'yar kafar da iska mai zafi za ta fita ta sama, suna rage aikin fanka da na'urar sanyaya ɗaki. Idan buƙatar wuta ta ragu, farantan sola da batiran da za a saya ma sun ragu. Shi ya sa ake fara gyara gini kafin a je sayen sola. Su kansu farantan suna rasa kusan kashi 0.3 zuwa 0.5 cikin 100 na ƙarfinsu a kan kowane digiri da suka haura 25, don haka barin tazara tsakaninsu da kwano na taimaka musu.

Fuskar gini ba ta cin ko kwabo. Ranar safe da ta la'asar su ke shigowa ta taga kai tsaye, saboda haka ana rage tagogi a gabas da yamma, a buɗe su ta kudu da arewa tare da rumfa ko baranda. Bishiyar dogon yaro a yammacin gini na tare ranar la'asar.

Ruwa ma lissafinsa a fili yake. Duk milimita ɗaya na ruwan sama da ya sauka kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ne. Rufi mai murabba'in mita 100, a daminar da aka sami milimita 500, ya karɓi lita 50,000, wato jarka 2,000 mai lita 25. Ko rabi aka tara a tanki, an rage kuɗin 'yan ga-ruwa.

Ga babban mai gini kuwa, takardar tana da wani amfanin. Bankunan raya ƙasa da masu zuba jari na ware kuɗi na musamman don ayyukan da ke kare muhalli, kuma sukan nemi hujja a rubuce. Najeriya ta fara sayar da takardun lamuni na muhalli a Disambar 2017, na naira biliyan 10.69. Shaidar gini na daga cikin hujjojin da irin waɗannan masu kuɗi ke karɓa.

Da tsohuwar zuma ake magani

Rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2022 ya nuna cewa gine-gine da aikin gini ne ke da kusan kashi 37 cikin 100 na hayaƙin kabon da ke da nasaba da makamashi a duniya. Siminti kaɗai na da kusan kashi 7 zuwa 8 na hayaƙin duniya. A nan ginin ƙasa na Hausa ke da abin faɗi. Katanga mai kauri tana riƙe zafin rana ba ta bari ya shiga ɗaki da wuri, sai dare ta sake shi. Wanda ya taɓa zama a zauren soro da azahar ya san bambancinsa da ɗakin kwano.

Misali na nan a tsallaken iyaka, cikin jihar Tawa. Masallacin Juma'a na Yama, wanda magini Alhaji Falke Barmu ya gina da ƙasa, ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. A garin Dandaji kuma, masu zanen gini Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu, suka gina sabo a gefensa da tubalin ƙasa da aka matse da inji. An kammala aikin a 2018, kuma ya ci lambobin yabo na duniya a fannin gini mai ɗorewa. Lambar yabo daban take da takardar shaida, amma abin da aka yaba a Dandaji, wato kayan gida da iska mai ratsa gini, shi ne irin abin da ke ɗaga lissafin gini a manhajar EDGE.

Abin lura kafin a yi gaggawa

Takardar na da tsada: akwai kuɗin rajista, da na mai bincike, da na ƙwararren da zai shirya takardu. Ga mai shago ɗaya, zai yi wuya ta biya kanta. Ta fi dacewa da mai gina rukunin gidaje, ko otal, ko babban sito, ko jerin shaguna. Ƙaramin mai gini zai iya amfani da manhajar kyauta ya ɗauki dabarun, ya bar takardar.

Ginin ƙasa kuma yana son kulawa. Idan babu tushe mai ƙarfi da indararo mai kai ruwa nesa da bango, damina ɗaya mai ƙarfi na iya yi masa illa. Haka nan takarda ba ta hana ɓarna: wanda ya bar na'urar sanyaya ɗaki a kunne ƙofa a buɗe zai biya kuɗin wuta ko wace shaida gininsa ke da ita. Idan dillali ya ce gininsa na da shaida, a nemi ganin takardar da sunan hukumar da ta bayar, a kuma bincika sunan ginin a shafin hukumar.

Akwai kuma hanyar sana'a a ciki. Ana yin horo da jarrabawa don zama ƙwararren EDGE, kuma ɗalibin zanen gini ko injiniya ko fasahar gini a Sakkwato na iya fara koyon manhajar tun yana makaranta. Mai haɗa sola da ya iya gaya wa kwastoma cewa farin fenti da silin za su rage masa batir biyu ya fi wanda ya iya ɗaura waya kaɗai daraja a kasuwa.

Gwajin farko ba ya buƙatar rajista. Ƙaramin ma'aunin zafi na lantarki, irin wanda ake sayarwa a shagunan kayan wuta, ya isa. A rubuta abin da ya nuna a cikin shago da ƙarfe biyu na rana har kwana bakwai, a shafa farin fenti a rufi ko a sa silin, sannan a sake aunawa kwana bakwai a daidai wannan lokaci. A haɗa da lissafin litar man da janareta ya sha kafin gyaran da bayansa, sai mai shago ya ga ko kuɗin fentin ya dawo.