Bizines ko firimiyom ikonomi: Wace kujerar jirgi ce ta cancanci kuɗinta?

Duk wanda ya taɓa sayen tikitin Abuja zuwa Landan ta intanet ya san wannan gaɓar. Da zarar ya zaɓi ranar tafiya, sai shafin ya jero masa farashi hawa-hawa: ikonomi a ƙasa, firimiyom ikonomi a tsakiya, sannan bizines, wanda kuɗinsa kan ninka na firimiyom, wani lokaci har ya zarce.

Da yadda canji yake a yanzu, ratar ba ta wasa ba ce. Tun da gwamnatin tarayya ta sakar wa kasuwa farashin naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga kusan naira 460 a farashin hukuma zuwa sama da 1,500 a 2024. Bambancin kujerun biyu kaɗai kan kai miliyoyin naira, kuɗin da zai biya wa yara makaranta na shekara guda.

Amma ba duk mai hangen kujerar gaba ne ke neman burga ba. Akwai mai raka mahaifinsa asibiti, akwai wanda aka yi wa aiki a gadon baya, akwai kuma wanda daga filin jirgi sai ɗakin taro.

Me ake saya da ƙarin kuɗin?

Firimiyom ikonomi bai daɗe a duniya ba. Kamfanonin EVA Air na Taiwan da Virgin Atlantic na Birtaniya ne suka fito da shi a farkon shekarun 1990, domin fasinjan da ya gaji da matsin baya amma aljihunsa bai kai na gaba ba. Emirates ma sai a 2022 ya fara sayar da tikitinsa.

A ikonomi, tazarar da ke tsakanin kujera da ta gabanta kan kasance inci 31 ko 32. A firimiyom takan kai inci 38. Kujerar ta fi faɗi, ta fi kwantawa baya, akwai wurin ɗora ƙafa, abincin ma ya ɗan fi. Sai dai duk da haka kujera ce, a zaune mutum zai kwana.

A bizines kuwa, tun shekarar 2000 da British Airways ya kawo kujerar da ke miƙewa ta koma gado, manyan kamfanoni suka bi sahu. Akwai ɗakin hutawa a filin jirgi mai abinci da wurin wanka, ga layi na daban wajen auna kaya. Wani kaso na alatun da ake tallatawa kuma barasa ce mai tsada, wadda mai kiyaye addininsa zai biya kuɗinta amma ba zai taɓa ta ba.

Idan aka tace duk wannan, abu ɗaya ne bizines ke da shi wanda firimiyom ba zai iya bayarwa ba: gado. Saboda haka tambayar ta koma, yaushe jirgin zai tashi?

Tafiyar dare da ta rana

Tsakanin Abuja da Landan awa shida ne da ɗoriya. Jirgin British Airways kan baro Landan da dare ya sauka Abuja da asuba, sannan ya juya da safe. Wanda ya tashi daga Abuja da hantsi, bayan ya kwana a gidansa, me zai yi da gado? Zai ci abinci, ya kalli fim, ya ɗan yi gyangyaɗi, sai ga Heathrow. A nan firimiyom ya wadatar.

Dawowar ce ke da magana. Amma ko a nan akwai lissafi: bayan tashi ana ɗaukar sama da awa ɗaya ana raba abinci, kafin sauka kuma a tashi kowa a miƙar da kujeru. Barcin da ya rage bai fi awa huɗu ba. Wanda zai sauka ya wuce kotu ko wajen sa hannu a kwangila na iya cewa awa huɗun nan sun biya kansu. Wanda zai wuce gida ya kwanta, gara ya riƙe kuɗinsa ya rama barcin a katifarsa.

Shi ya sa wasu matafiya ke raba tikitin, firimiyom a tafiyar rana, bizines a ta dare. Akwai ma wani abu da ke goyon bayan hakan. Birtaniya na karɓar haraji daga fasinjojin da ke tashi daga ƙasarta, kuma a tsarin harajin, ɗan firimiyom da ɗan bizines kuɗi ɗaya suke biya, fiye da ninki biyu na ɗan ikonomi. Wato wanda ya baro Landan a firimiyom ya biya harajin masu gado alhali a zaune zai kwana.

Kamfanoni da dama kuma kan yi tayin ƙarin matsayi da rangwame 'yan kwanaki kafin tafiya ko wajen auna kaya, idan kujerun gaba ba su cika ba. Sa'a ce, ba a dogara da ita ga marar lafiya.

Batun kaya fa? A British Airways ɗan firimiyom na da jaka biyu masu kilo 23, ɗan bizines biyu masu kilo 32. Bambancin kilo 18 ne. Biyan kuɗin ƙarin jaka ɗaya ya fi araha nesa ba kusa ba.

Ga masu tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano, sau da yawa zaɓin ma babu shi. Qatar Airways da EgyptAir da Ethiopian ba su da sashen firimiyom, ko dai ikonomi ko bizines. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da zai je Guwanzu ta Addis Ababa na da zango na biyu mai kusan awa goma, kuma a irin wannan doguwar tafiya gado ya fi samun hujja. Mai zuwa Jidda yin Umara kuwa tafiyarsa ba ta kai haka ba.

Ta fuskar lafiya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2007 cewa haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa kan ninka bayan zaman awa huɗu ko fiye a tafiya. Abin da ke rage shi shi ne tashi a ɗan taka da motsa ƙafafu, kuma kujerar gefen hanya a firimiyom na ba da damar hakan. Wanda aka yi wa tiyata ko yake fama da ciwon baya mai tsanani, likitansa ne zai faɗi ko zai jure zaman.

Tarkon da ya fi kama mutane shi ne sunan. Ba kowane bizines ne ke da gado ba. A ƙananan jirage irin Boeing 737, galibi kujera ce mai faɗi da ke ɗan kwantawa, kusan irin ta firimiyom a babban jirgi. A gajerun tafiye-tafiye cikin Turai ma, kujerar ikonomi ce aka bar ta tsakiya babu kowa. Samfurin jirgin na rubuce a shafin sayen tikiti kusa da lambar tafiya, kuma wanda ya bai wa ejan saye na iya neman ya turo masa taswirar kujerun kowane zango kafin ya tura kuɗi.