NAMIJI MA YANA CIWON DAJI NA NONO

Jama'a, karatunmu na yau a kan wata cuta ne wadda maza ba su son a ambata. Ita ce ciwon daji na nono, wanda wasu ke kira sankara, wasu kuma kansa. Mutane da yawa a ƙasar Daura suna tsammani cutar mata ce kaɗai. Ba haka ba ne. Namiji ma yana da ɗan naman nono a ƙirjinsa, daji kuwa yana iya kama wurin. Za mu ga yadda a ke gane shi, da wani magani da a ke sha bayan an yi aiki, da wahalar da maganin kan ba mai shansa.

Yawansa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce, in an tara masu wannan ciwo 100, maza a ciki ba su wuce mutum 1 ba. Amma a Zariya an ga fiye da haka. Likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello sun ƙidaya waɗanda suka duba daga 2001 zuwa 2010, suka sami maza 57, watau 9 cikin ko wane 100. A cikin 57 ɗin nan, 53 ba su zo ba sai da ciwon ya yi nisa. Mutum 4 kaɗai suka zo da sauran dama. Kunya da rashin sani su ne kan zaunar da namiji a gida. Rashin sani kuwa ya fi dare duhu.

Alamunsa

Ga abin da za ka lura da shi a ƙirjinka:

1. Ƙullutu mai tauri a ƙarƙashin kan nono. Sau da yawa ba ya zafi.
2. Kan nono ya lotsa ciki.
3. Jini ko ruwa yana fita daga kan nono.
4. Gyambo a wurin, wanda ya ƙi warkewa.
5. Kaluluwa a hammata.

Ba ko wane kumburi ne daji ba. Yaro mai balaga nononsa ya kan ɗan kumbura, ya kuma saɓe da kansa. Amma magidanci in ya ga ɗaya daga cikin alamun nan, kada ya bari a yi masa tsaga ko sakiya. Ko daga Baure ya ke, ko Zango, ko Sandamu, ko Mai'aduwa, sai ya tafi asibiti a Daura. In likita ya ga da bukata, ya tura shi asibitin koyarwa na Katsina, ko na Malam Aminu Kano a Kano, ko na Shika a Zariya. Can za a ɗebi ɗan tsokan wurin a auna, a tabbatar.

Abin da ke ciyar da dajin

In an tabbata daji ne, galibi a kan yi aikin fiɗa, watau tiyata, a cire shi. Wani a kan ƙara masa da magani ta jijiya, wani kuma a gasa wurin da hasken na'ura. To, amma manomi ya san halin ƙuduji a gonar gero. Ko ka tuge wanda ka gani, irinsa yana nan cikin ƙasa, ido ba ya ganinsa. Haka dajin nan ya ke. Bayan aiki, 'yan ƙananan irinsa suna iya saura a jiki.

A cikin jinin ko wane mutum akwai wasu 'yan aike da jiki ke yi da kansa. Likitoci suna kiransu homon. Na maza sunansa testostiron, na mata kuwa estirojin. Amma namiji ma yana da estirojin kaɗan, gama jikinsa ya kan juya wani kashi na testostiron ya zama estirojin. Akasarin dajin nono na maza da wannan estirojin ya ke girma, kamar yadda ciyawa ke girma da ruwa. Awon tsokan nan shi ne kan nuna ko dajin mutum irin wannan ne.

Maganin

Sunan maganin Tamoxifen. Haka za ka gan shi a rubuce a jikin kwali. Harafin x ba ya cikin baƙaƙen da muka koya, sai ka karanta shi kamar k da s a haɗe. A Ingila aka fara yinsa, aka kuma soma sayar da shi can don wannan ciwo a 1973.

Ga yadda ya ke aiki. Ka ɗauka irin dajin yana da kwaɗo, estirojin kuwa shi ne makullin. In makulli ya shiga ya buɗe, sai daji ya tsiro. Tamoxifen ya kan riga shi shiga ramin kwaɗon, ya toshe, kamar makullin da ya karye a ciki. Estirojin ya zo, ya rasa wurin shiga.

Ƙwaya ɗaya a ke sha ko wace rana, mai awo miligiram 20, har shekara 5. Ku yi lissafi: 365 sau 5, ƙwaya 1,825 ke nan. Wani likita ya kan ƙara masa har shekara 10. An gwada shi a kan dubban mata, aka ga shan shekara 5 yana rage mutuwa daga wannan ciwo da wajen kashi 1 cikin 3. Maza ma an ga waɗanda suka riƙe shi sun fi waɗanda suka bari daɗewa.

Maganin nan ba dandaƙa ba ne, ba ya kuma mai da namiji mace. A dā can, tun daga 1942, in dajin ya bazu likitoci kan cire wa mutum 'ya'yan maraina don a rage homon. Zuwan wannan ƙwaya ya sa ba safai a ke yin haka ba.

Wahalarsa

Gaskiya ɗaya ce, maganin yana da wahala. Ba kowa ya ke samu ba, wani kuwa kaɗan za ta taɓa shi. Ga abin da maza masu shansa suka fi kuka da shi:

1. Zafi ya taso wa mutum farat ɗaya daga ƙirji zuwa fuska, gumi ya karyo, ko da cikin hunturu ne. Da dare ya kan jiƙa shimfiɗa.
2. Sha'awar iyali ta ragu, ko ƙarfin namiji ya yi rauni.
3. Ƙiba, ko da mutum bai ƙara cin tuwo ba.
4. Kasala da rashin barci.
5. Saurin fushi, ko baƙin ciki ba dalili.
6. Tsokar ƙafa ta riƙa ɗaurewa.

A wani babban asibitin daji a Amurka an bi labarin maza 64 masu shan maganin, aka buga a 2012. Fiye da rabinsu sun sha wata wahala. Mutum 13 sun bar shi saboda ita, watau kusan 1 cikin 5. Wanda ya bari kuwa ya buɗe wa daji ƙofa.

Ta biyun nan ita ta fi yi wa namiji nauyi a baki. A ce wani magidanci ne, wata 3 da fara sha. Ya ga ba ya iya sauke hakkin iyalinsa kamar dā. Ba ya iya gaya wa abokansa a majalisa, ya ji kunyar likita, sai ya jefa kwalin a bayan tukunya ya yi shiru. Matarsa tana zaton ya daina sonta, ko an yi masa sammu. Alhali ƙwaya ce, kuma da ya faɗa da an taimake shi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.

Abin da za ka yi

Ka faɗa wa likita kome. Ba sai ka yi dogon bayani ba. Ka ce, "Likita, tun da na fara ƙwayar nan al'amarina da iyali ya canja." Ya sha jin irin wannan, ba zai yi maka dariya ba. Yana da dabarun da zai rage maka wahalar. In ta ƙi, akwai wani magani da a kan haɗa da allura a madadinsa, ko da ya ke shi ma yana sa ciwon gaɓoɓi da raunin ƙashi. Likita ne zai auna wanda ya fi maka.

Ka zaunar da uwargida ka gaya mata. Ita ce za ta riƙa tuna maka lokacin sha. In kuna neman haihuwa, ku yi shawara da likita tukuna.

Kada ka sayi maganin ƙarfin maza a kasuwa ko a tasha. Ba ka san abin da aka zuba ciki ba. In akwai testostiron a ciki, jikinka zai juya wani kashi ya zama estirojin, ka ga ka ba daji abinci da hannunka.

Don zafin jiki, ka sa tufa marar nauyi, ka ajiye ruwan randa kusa da shimfiɗa, ka rage yaji da shayi mai zafi. Don ƙiba da kasala, ka riƙa tafiya da ƙafa kullum, ka rage maiƙo da sukari. Mai shan taba ya bari.

In an ba ka maganin wata cuta, kamar tarin fuka, ka nuna kwalin Tamoxifen ɗinka, gama wasu magunguna ba sa jituwa da shi.

In ka manta ba ka sha jiya ba, kada ka sha biyu yau. Da azumi kuwa ba wuya, tun da sau ɗaya ne, sai ka sha da sahur ko bayan shan ruwa.

Alamun haɗari

Maganin ya kan sa jini ya daskare cikin jijiya. Ba kasafai ba ne, amma yana kisa. In ka ga ɗayan waɗannan, kada ka jira ranar da aka sa maka, ka tafi asibiti nan da nan:

1. Ƙafa ɗaya ta kumbura, tana zafi.
2. Numfashi ya yi wuya farat ɗaya, ko ƙirji yana suka.
3. Baki ya karkace, ko hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe.

In gani ya soma dushewa, shi ma a gaya wa likita. Zama wuri ɗaya yana ƙara haɗarin daskarewar jini. Saboda haka in kana doguwar tafiya a mota ko a jirgi, ka riƙa motsa ƙafafunka, in an tsaya ka sauka ka taka.

Amfanin karatu

A nan ne ɗan aji ya fi wanda bai shiga ba. Kai za ka iya karanta sunan magani a kwali, ba mai ba ka wani a madadinsa. Za ka iya karanta ranar komawa asibiti a katinka. Ka sami littafi, ko wace rana ka sha ka ja layi, abin da ka ji a jikinka kuma ka rubuta, ka kai wa likita. In maƙwabcinka ne ke sha, bai iya karatu ba, ka yi masa, ka kuma rufa masa asiri. Shekara 5 da nisa, amma mai haƙuri ya kan dafa dutse. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.

Tambayoyi

1. Maza nawa aka ƙidaya a Zariya, nawa ne suka zo a makare?
2. Yaya Tamoxifen ke hana daji tsirowa?
3. Faɗi wahala 3 da mai shansa kan samu.
4. Don me aka hana sayen maganin ƙarfin maza a kasuwa?
5. Rubuta alamu 3 da za su sa a tafi asibiti nan da nan.